Gidan Cobblestone na Dablin: me ya riƙe kiɗansa har yau?

Ɗan Zazzau:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so mu tattauna batun Cobblestone, mashayar nan da ke lamba 77 a titin North King, a bakin dandalin Smithfield da ke arewacin kogin Liffey a Dablin, babban birnin ƙasar Ailan. A unguwar Temple Bar ma akwai gidajen da ake kiɗan gargajiyar Ailan tun daga rana har dare, da lasifika da fitilu da komai. Amma duk makaɗin garin da ka tambaya inda ake kiɗa na gaske, Smithfield zai nuna maka. Ginin tsoho ne, ɗakin ƙunci gare shi, ba dandamali. To me ya bambanta shi? Masana a taimaka da bayani dalla-dalla.

Malam Mai Sarewa:
Wa alaikumus salam. Abu na farko da za a gane, makaɗan Cobblestone ba wasa suke yi wa jama'a ba. Junansu suke kaɗa wa. Kana shiga ƙofa za ka tarar da su a lungun gaba, zaune sun zagaye tebura, fuskokinsu na kallon juna, wasu ma sun ba masu sauraro baya. Wannan zaman shi ake kira seshin. Ba makirfo, ba jerin abin da za a kaɗa a rubuce, ba mai gabatarwa. Wani zai ɗauko take, waɗanda suka san shi su shigo, waɗanda ba su sani ba su ajiye kayan kiɗansu a cinya su saurara.

A Temple Bar kuwa galibi mutum biyu ko uku ne a gaban makirfo, da gita, suna rera waƙoƙin da baƙi suka riga suka sani don a tafa a yi amshi. Sana'a ce halal ɗinta a wurinsu, ban raina ta ba, amma wani abu ne dabam.

Iyalin Mulligan ne ke riƙe da gidan. Tom Mulligan ya karɓe shi tun ƙarshen shekarun 1980, kuma zuriyarsu ta makaɗa ce kaka da kakanni, ɗan'uwansa Néillidh Mulligan sanannen mai busa algaitar Ailan ne. Mai gidan da ya san kiɗa ba zai bari a kunna faifai ana tsakiyar busa ba, ba zai kuma sayar da kujerun makaɗa ga wanda ya fi kashe kuɗi ba. Daga nan komai ya faro.

Ƙanwar Maza:
Malam, a yi mana bayanin yadda mutum goma za su kaɗa abu ɗaya ba takarda ba shugaba kuma ba su ruɗe ba. Wannan ne ya ɗaure mini kai.

Malam Mai Sarewa:
Ƙanwata, tsarin taken ne ya sauƙaƙa. Yawancin take ɓangare biyu gare shi. Ɓangaren farko gaɓa 8, wato 'yan yankuna takwas masu ƙirgen bugu iri ɗaya, a maimaita shi. Na biyu ma gaɓa 8, a maimaita. Jimilla gaɓa 32, zagaye ɗaya ke nan. Akwai wasu daga nau'in taken da ake kira ril masu gajeren tsari da ba a maimaita ɓangarorinsu, akwai kuma take masu ɓangare uku zuwa sama, amma ƙa'idar gama-gari ita ce wadda na faɗa. Bisa al'ada ana zagaya take sau uku, sannan a faɗa cikin na gaba ba tare da an tsaya ba. Take biyu ko uku a jere su ne jeri ɗaya.

Wanda ya ɗauko jerin shi ne mai shi. Shi ke tsayar da sauri, shi ke zaɓen take na biyu da na uku. Idan an kusa ƙarshen zagaye na uku sai ya ɗaga kai, ko ya ɗaga ƙafa, ko ya ce "hup". Mai sarewa da bakinsa ke aiki da ido da gira yake yin ishara. A gaɓa biyun farko na sabon take za ki ji kiɗan ya yi siriri, domin kowa ya ɗan ja baya yana jiran ya gane wanne ne. Da sun gane sai ɗakin ya cika kuma. Mai gita shi ya fi shan wahala a nan, don haka akan faɗa masa murya da baki, wato matakin sautin da aka gina taken a kai, wanda da harafi ake kiran sa, a ce "D" ko "G".

Nau'o'in kuma da ƙirga ake raba su. Ril huɗu-huɗu ne, shi ya fi yawa a Dablin. Jig 6/8 ne, uku-uku sau biyu a kowace gaɓa. Akwai silif jig mai 9/8. Honfaif huɗu-huɗu ne shi ma, amma a hankali yake tafiya da ɗan ɗingishi. Folka mai 2/4 da silaid mai 12/8 na yankin Sliabh Luachra ne, kan iyakar gundumomin Kork da Keri, kuma in an ji su da yawa a zama, to akwai ɗan can a ciki. Muryoyin da aka fi amfani da su D ne da G, sai A da E masu sanyi, saboda sarewa da algaita a kan D aka ƙera su.

Injiniya Bala:
Bari in ƙara ta fuskar sauti, domin a ganina rashin lasifika shi ne ginshiƙin lamarin, kuma ba don ƙyamar zamani ba ne.

Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa. Mutumin da ke nesa da kai mita 10, bugunsa zai iso kunnenka a makare da kusan kashi 3 cikin 100 na daƙiƙa. A magana wannan ba komai ba ne. A ril mai sauri, inda ake zuba sauti bakwai ko takwas a daƙiƙa ɗaya, ya isa ya raba zama gida biyu. Shi ya sa zaman da ya haura mutum goma sha biyu, aka miƙe shi a tsaye maimakon da'ira, za ka ji wannan gefe yana gaba wancan yana bi. Lungun Cobblestone ƙarami ne, ya tilasta wa makaɗa su matse gwiwa da gwiwa. Ƙuncin da baƙi ke kuka da shi shi ke daidaita kiɗan.

Na biyu, bango biyu na lungu suna maido da sauti cikin ɗaki, katako da rufi mara tsawo suna taimakawa, jikin jama'a da rigunan sanyi kuma suna shanye amsa-kuwwa. Ɗakin da aka shafe da tayil da gilashi, sarewa takan yi tsini ta huda kunne, goge ya ɓace.

Na uku shi ne wanda masu gidaje ba sa ganewa. Da zarar ka sa lasifika, mutane za su ɗaga murya su rinjaye ta. Ka ƙara, su ƙara. In babu ita, wanda ke son ji dole ya matso ya rufe bakinsa, mai son hira kuma ya ja can ƙuryar kanta. Ɗakin da kansa yake tace mutane.

Hajiya Uwani:
Injiniya, ban yarda da wannan na ƙarshe ɗari bisa ɗari ba. Daren Juma'a da Asabar gidan kan cika maƙil, wanda ya wuce taku biyar daga lungun hannun masu goge kawai yake gani suna motsi, ba ya jin komai. Ɗaki ba ya tace kowa in ma'aikata ba su tsaya ba. Abin da ke aiki shi ne an keɓe kujerun makaɗa, ana kuma yi wa mai surutu kusa da su magana. In za a rera waƙa ba kiɗa, sai a nemi shiru, kuma shirun daga makaɗa da 'yan gida yake farawa ya bazu. Wannan tarbiyya ce ta shekaru, ba aikin bango ba ne.

Shawarata ga mai son ji da kunnensa: ya je tsakiyar mako, ko Asabar da Lahadi da rana, domin a ƙarshen mako tun da rana ake fara zama. Ya tsaya kusa amma kada ya zauna a bencin makaɗa ko da ya gan shi fayau, masu shi na hanya. Shiga ɗakin gaba kyauta ne. Ɗakin baya ne ake yanka tikiti in akwai wasa.

Injiniya Bala:
Gaskiyarki Hajiya, bango shi kaɗai bai isa ba. Amma ki sa lasifika ki ga ko tarbiyyar za ta kai shekara.

Malam Na-Gwarzo:
Jama'a, ina da magana, kuma don Allah a fahimce ni. Duk wannan yabo da ake yi, wurin nan mashaya ne. Giya ake sayarwa, da kuɗinta ake biyan haya. Su da kansu kirarin da suke yi wa gidan cewa yake gidan sha ne da kiɗa ya dame shi. Yawancinmu a nan Musulmi ne, kuma malamai sun yi magana a kan zama a teburin da ake shan giya. Bai kamata a yi ta kwatanta hanya kamar ana tura mutane makaranta ba.

Baba Makaɗi:
Malam Na-Gwarzo, Allah ya saka da alheri, tunatarwa ce a wurinta, kuma ba wanda zai ce maka wurin ba mashaya ba ne. Hukunci na malamai ne, kowa ya tambayi nasa. Abin da zan iya bayarwa shi ne tarihi da kuma wasu ƙofofin.

Kiɗan nan ba a mashaya aka haife shi ba. A karkarar Ailan a ɗakin girki ake yin sa, da raye-rayen cikin gida da na mararrabar hanya. Dokar gidajen rawa ta 1935 ta wajabta lasisi, ta taimaka wajen kashe rawar cikin gida. Zaman mashaya irin na yau ya yi ƙarfi ne a Landan bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a wurin 'yan ci-ranin Ailan masu aikin gini. Ɗakunan haya suke kwana, ba halin busa a ciki, sai suka koma bayan mashaya a unguwanni irin su Camden Town. Daga can al'adar ta dawo gida. A Dablin gidan O'Donoghue's na Merrion Row ya yi suna da ita a farkon shekarun 1960.

Wanda ba zai taka mashaya ba bai rasa kiɗan ba. Ƙungiyar masu algaita, Na Píobairí Uilleann, da aka kafa a 1968, tana lamba 15 a titin Henrietta, tafiyar ƙafa ce daga Smithfield, kuma ana koyarwa a can. Taskar adana kiɗan gargajiya ta ƙasar, wadda aka kafa a 1987, tana lamba 73 a Merrion Square, ana shiga a saurari tsofaffin faifai kyauta, da yawa kuma suna kan intanet. Ƙungiyar Comhaltas mai raya kiɗan gargajiyar Ailan, da aka kafa a garin Mullingar a 1951, tana da rassa da ke koyar da yara a makarantu da zaurukan unguwa. Bikin kiɗan gargajiya na TradFest da ake yi a Dablin a watan Janairu ma yakan sa wasanni a zauruka da tsofaffin gine-gine.

Malam Na-Gwarzo:
Na gode Baba. Haka ya kamata a haɗa bayanin, kowa ya san abin da yake zaɓa.

Ɗan Zazzau:
Baba, tunda an ambaci algaitar, a warware mana ita. A hoto kamar mutum ya rungumo tarin bututu.

Baba Makaɗi:
Ɗana, ba a busa ta da baki. Zuga-zugi ake ɗaurawa a ƙugu da damtsen hannu ɗaya, a riƙa matsa shi da gwiwar hannu yana tura iska cikin jakar fata da ke ƙarƙashin ɗaya hammatar. Daga jakar iska ke rabuwa. A zaune ake kaɗa ta dole, domin bakin bututun da ke fitar da take a kan cinya yake zama, bisa wani ɗan ƙyallen fata. In ka toshe duk ramuka bututun na kan cinya, sai ya yi shiru, da haka ake yanka sauti gutsi-gutsi. In za a fitar da D ta ƙasa sai a ɗaga shi daga cinya. Hawa biyu na murya take kaiwa, kuma hawa na biyu da ƙarin matsin jaka ake samun sa.

Kashi uku ake sayen ta. Na koyo: zuga-zugi, jaka, bututun take. Rabin saiti: a ƙara bututu uku masu riƙe D ba yankewa, ƙarami da matsakaici da babba. Cikakken saiti: a ƙara wasu uku masu maɓallai da ke kwance a kan cinya, ana danna su da gefen tafin hannu yayin da yatsu ke kan take. Mai koyo da ya fara da cikakke ya ɗora wa kansa wahala, iska za ta riƙa tsere masa ta ko'ina bai iya riƙe jaka ba tukuna. A 2017 UNESCO ta sa busa wannan algaita cikin jerin al'adun gado na duniya.

Inda take ba da ciwon kai shi ne harshenta. Ɓallin kara ne guda biyu da aka fere siriri aka ɗaure a kan ɗan bututun ƙarfe. Tunda iskar ɗaki take sha ba numfashi ba, duk yadda ɗakin ya canza ita ma ta canza. In an kunna na'urar ɗumama ɗaki da hunturu iska ta bushe, bakin harshen yakan tsuke, sauti ya yi siriri, har karan ya tsage. In ɗaki ya cika da jama'a da jiƙaƙƙun riguna, sai ya buɗe ya yi tauri, hawa na biyu ya ƙi zuwa. Akwai ɗan zoben tagulla a jikinsa da ake matsawa ko a gusar da shi, amma da kaɗan-kaɗan, motsin da ido da ƙyar yake gani. In D ta ƙasa tana gargada, akan zura siririyar waya ko tsinken ciyawa cikin bututun. In rami ɗaya ya yi sama da kima, a rufe gefensa da ɗan salatif. Kuma kada a fito da ita daga sanyin waje a hau kaɗawa nan take. A buɗe akwati a bar ta minti goma zuwa sha biyar ta saba da ɗakin.

Masu algaitar titin Henrietta suna da zamansu a Cobblestone ranar Talatar farko ta wata. Mai son jin ta ita kaɗai ba hayaniya, wannan ne darensa.

Malam Mai Sarewa:
A kan batun ɗumi, ga abin da ke ɓata zama bayan awa ɗaya ba a lura ba. Ɗaki na ɗumama, sarewa na hawa sama, tsirkiyar goge da ta banjo kuma na saki suna sauka. Akodiyon da kwansatina, 'yar ƙaramar ƙanwarsa, suna nan inda suke, ba a iya juya su a wurin. Don haka a kansu ake daidaitawa: mai akodiyon ya ba da A, kowa ya bi. In akwai algaita, ita ake bi. Mai sarewa ya ɗan zare maƙogwaron sarewarsa milimita ɗaya ko biyu in ta ɗumama. Wanda ya daidaita da na'urar waya tun a gida ya ce shi a kan daidaitaccen ma'aunin A yake ba zai motsa ba, shi ne zai fita daban.

Sarewar katako, wadda yawanci da baƙin icen Tanzaniya da Mozambik ake yin ta, tana son a goge cikinta bayan kowane zama a kuma shafa mata man almon lokaci-lokaci. Sabuwa ba a yi mata zaman awa uku. Minti goma zuwa ashirin a rana ake farawa, a riƙa ƙarawa cikin makonni, in ba haka ba ciki ya jiƙe ya kumbura waje na bushe, ta tsage a kai.

Ƙanwar Maza:
To gangar fa? Na ga ana yawan yi wa masu ita tsiya a intanet.

Hajiya Uwani:
Bauron ke nan. Tambari ne mai fuska ɗaya, fatar akuya a kan zoben katako, faɗinsa inci 14 zuwa 18. Hannu ɗaya na riƙe ɗan sanda yana bugu, ɗayan na ciki yana danna fata yana canza murya. Bai daɗe da shiga zaman kiɗa ba, mai tsara kiɗa ɗan Ailan Seán Ó Riada ne ya fito da shi fili wajen 1960. Dalilin tsiyar shi ne yana da arha, kuma mutum na ganin ai bugu ne kawai, sai ya saya yau ya shigo zama gobe.

Ƙa'idar da aka sani: bauron ɗaya a lokaci guda. In sun kai biyu su yi karɓa-karɓa. Mai shi ya bi take, ba take ne zai bi shi ba. Wanda bai iya rera taken da baki ba bai isa buga masa ganga ba, domin bai san inda ɓangare ya ƙare ba. Kuskuren da ya fi yawa shi ne buga huɗu-huɗun ril a kan jig mai uku-uku, sai kiɗan ya riƙa tuntuɓe.

Fata kuma halinta ɗaya da wadda masu kalangu suka sani: zafi da bushewa su ɗaure ta ta yi ƙara kamar faranti, laima ta sake ta ta yi luɓus. Na zamani suna da kusoshi a ciki da ake juyawa. A juya su bi da bi, wannan sannan na daura da shi, rubu'in juyi kowanne, kada fatar ta karkace. Wanda ba shi da kusoshi, in ya ɗaure a shafa ruwa kaɗan da tafin hannu ta ciki a jira minti biyu. Baƙin salatif da ake zagaya bakin fatar da shi yana kashe ƙarar gefe.

Injiniya Bala:
Gita ma haka, ɗaya ta isa. Take ɗaya na karɓar rakiya iri biyu ko uku, duk daidai, amma in masu gita biyu suka zaɓi dabam-dabam a gaɓa guda sai su yi karo. Da yawa suna ɗaure tsirkiyarsu a tsarin DADGAD, wato sautukan tsirkiyoyin shida a jere, don ya bar murya a buɗe. Buzuki, kayan kiɗa mai tsirkiya da dogon wuya, wanda aka aro daga Girka a shekarun 1960, ya fi iya zama tare da gita in sun saurari juna.

Sai tafi. Don Allah baƙi su daina tafa hannu a tsakiyar take. Tafin daga nesa yake zuwa, a makare, kuma masu tafi kullum ƙara sauri suke yi. A jira ƙarshen jeri.

Ɗan Zazzau:
Wanda ya iya kiɗan fa, yaya zai shiga?

Baba Makaɗi:
Ya fara zuwa ba kaya, ya saurara dare ɗaya ko biyu, ya san irin taken da ake yi da saurinsu. Ran da ya zo da kaya ya tambayi wanda ke riƙe da zaman kafin ya buɗe akwati. Kusan kowane zama na da mutum biyu ko uku da gida ya dogara da su, su ne ke zuwa ko da ruwa ko da iska. Ya zauna a bakin da'ira, ba tsakiya ba. Taken da bai sani ba kada ya yi ta lalube a kansa da ƙarfi. In aka ce ya ɗauko jeri, ya ɗauko wanda ya riƙe sosai, a saurin da zai iya kai shi ƙarshe, domin tsoro kan sa mutum ya fara da gudu ya watse a ɓangare na biyu. Jeri ɗaya ya isa, ya bar wa wasu. Tsakanin jeri da jeri akwai hira, kada ya cike ta da gwaje-gwajen yatsu. Ba a buɗe takardar kiɗa a tebur. In zai ɗauki sauti da waya don ya koya a gida ya nemi izini, galibi ba a hanawa. Ɗaukar bidiyon fuskar mutum ba sallama kuwa rashin ladabi ne. Wanda bai kai wannan mataki ba ya nemi zaman masu koyo, inda ake kaɗa take a rabin sauri.

Hajiya Uwani:
Ba a taɓo 2021 ba, kuma a nan ne amsar tambayar Ɗan Zazzau take. A watan Oktoban shekarar wani kamfanin gine-gine ya nemi izinin gina otal mai hawa tara da ɗakuna 114 a kan wurin da kewayensa. Tsarin ya bar ɗakin gaba, tunda doka ta kare tsohon ginin, amma zai cinye ɗakin baya da filin waje. Wanda bai san gidan ba zai ce ai lungun makaɗa na nan, me aka rasa? Abin da aka rasa shi ne wurin da ake ƙera makaɗan. A ɗakin baya ake darussan kiɗa da rawa da waƙa, a nan ake zaman mawaƙa na wata-wata, a nan matasa ke fara tsayawa gaban jama'a, a nan ake ƙaddamar da faifai. Ka cire shi, lungun gaba zai ci gaba shekara biyar ko goma da waɗanda suka riga suka iya, sannan ya zama abin nuna wa baƙin otal.

Jama'a sun fito, suka yi tattaki daga Smithfield zuwa ofishin hukumar birni a Wood Quay, da kayan kiɗa da akwatin gawa da ke nuna mutuwar al'adar birnin. Dubun-dubatar mutane suka sa hannu a takardar koke, aka kuma shigar da ɗaruruwan takardun ƙin amincewa. Wannan na biyun ya fi nauyi a doka: a Ailan ana shigar da irin wannan takarda ne cikin mako biyar daga ranar da aka karɓi buƙatar gini, da kuɗin yuro 20, kuma dole mai duba tsari ya karanta ta. A Nuwamba hukumar ta ƙi ba da izini. Kamfanin ya ɗaukaka ƙara, daga baya a 2022 ya janye.

Malam Mai Sarewa:
A ƙara da cewa iyalin Mulligan haya suke yi, ginin ba nasu ba ne. Muddin haka ne, maganar ba ta mutu ba. Kuma akwai barazanar da ba ta zuwa da takardar izini: sunan da gidan ya yi. Yau yana cikin kowane littafin jagoran baƙi, kuma makaɗin da ya iso da akwatin goge ya kasa ratsawa zuwa kujerarsa, wata rana wani gidan zai nema.

Injiniya Bala:
Amma Malam, baƙin nan su ke biyan kuɗin wuta. Gidan da makaɗa goma ke zaune awa uku a wuri mafi kyau ba ya rayuwa da cinikinsu kaɗai.

Malam Mai Sarewa:
Ban ce a kore su ba. Cewa na yi a riƙe hanya a buɗe daga ƙofa zuwa lungu, kuma ayarin mutum talatin da jagora kada ya shigo lokaci guda.

Ƙanwar Maza:
Tambaya ta ƙarshe daga gare ni, yaya ake zuwa, kuma ana shiga da yara?

Hajiya Uwani:
Ki hau Luas, jirgin ƙasan cikin gari, jan layi, ki sauka a tashar Smithfield, ki miƙe dandalin zuwa ƙarshensa na arewa, gidan na kan kwana. Dokar ƙasar ta yarda yaro ɗan ƙasa da 15 ya kasance a mashaya tare da iyayensa har ƙarfe 9 na dare, ko ƙarfe 10 daga Mayu zuwa Satumba, kuma mai gida na da ikon ƙin yarda. Ba a shan taba a ciki tun Maris 2004. Lokacin rufewa na gama-gari 11:30 ne daga Litinin zuwa Alhamis, 12:30 Juma'a da Asabar, 11:00 ranar Lahadi. Ana sayar da lemo da ruwa a kanta kamar kowane gida. In kuwa yaron koyo kike so ya yi, reshen Comhaltas na unguwarku ya fi, da ƙaramar sarewar gwangwani ta D, wadda kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Baba Makaɗi:
A tabbatar ta D ce. Shaguna na sayar da ta C mai kama da ita, yaro ya je aji ya ga yatsunsa daidai amma sautinsa ya saɓa da na kowa.